Hannun Kawu da Taron Shekara

Babana jami'in kiyaye haɗari ne a wani kamfanin fasa dutse da ke gindin duwatsun Kwatarkwashi. A Gusau muke zaune. Kullum da sassafe yake hawa babur ya tafi, ya dawo da yamma girarsa da gemunsa sun yi fari da garin dutse. Aikinsa shi ne ya tabbatar kowa ya sa hular kwano da takalmi, ya rufe hanci, in kuma wani ya ji ciwo ya rubuta. Ko a gida ba ya ajiye aikin. Akwai bokitin yashi a ƙofar kicin ɗinmu da ba a yarda ko kaza ta hau ba, in kuwa ya ga an bar wuƙa a ƙasa sai ya tara mu duka ya yi bayani.

A bakin get ɗin kamfanin akwai wani allo kore. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, wani hutu da Baba ya tafi da ni. An rubuta a sama cewa ga yawan kwanakin da aka yi ba a rasa ranar aiki saboda rauni ba, a ƙasa kuma ƙusoshi uku ne da ake rataya lambobin gwangwani. Baba ne ke canza lambar kowace safiya, kafin ma ya kafe babur ɗinsa da kyau. Ranar ya yi mini bayanin ƙa'idar. Ya ce ba kowane ciwo ke shiga lissafi ba. In mutum ya ji rauni amma ya zo aiki washegari, lamba ta ci gaba. In ya kasa zuwa, ko da kwana ɗaya ne, sai a sauke lambobin duka a fara daga farko.

Masu irin aikin Baba suna da ƙungiya, kuma reshen jiharmu yana taro sau ɗaya a shekara a Gusau. A wurin taron ake ba da lambar yabo ga wurin aikin da ya cika shekara bai rasa kwana ba. Suna da wata al'ada: bayan allon yabo da ake ba kamfani, shi jami'in ana ba shi sabuwar farar hular kwano, kuma ɗansa ko 'yarsa ne ke ɗora masa a gaban jama'a. Sun ce don a tuna cewa saboda yara ake so kowane ma'aikaci ya koma gida lafiya. Baba ya yi shekaru yana zuwa taron yana tafa wa wasu. A shekarar da nake aji uku na ƙaramar sakandare, allonsa ya kusa cika. Ni ce babba, ƙannena ba su kai ba, don haka ni aka zaɓa. Ni kuwa ko a aji ba na iya ɗaga hannu. Na riƙa shiga ɗaki ina gwadawa da robar wanke shinkafa a kan tulu, ina addu'ar kada ta faɗi ranar.

Kawu ƙanen Inna ne. Daga wajen Tsafe yake, ya bar noma tun da gonarsu ta nesa ta daina zuwuwa, Baba ya samar masa aikin lebura a kamfanin. Yana kwana a shagon ƙofar gidanmu, matarsa da jaririnsu suna can Tsafe. Mutum ne mai barkwanci. Malama yake ce mini saboda kullum yana ganina da littafi, in na wuce sai ya miƙe tsaye ya ce a ba malamai hanya.

Saura kwana goma sha ɗaya taro, ranar Talata, dutse ya maƙale a bel ɗin injin niƙa, Kawu ya sa hannu zai cire, bel ya ja hannun. Na dama ne. Daga baya na ji cewa Baba ya sha rubuta wa manaja a sa murfi a wurin, ba a sa ba. Aka kai Kawu wani kemis a bakin hanya, aka wanke, aka ɗinke inda ya ɗinku, aka naɗe. Suka iso gida bayan la'asar, ina tsakar gida ina tsince wake.

"Malam, asibiti za a kai shi," in ji Inna. "Ka ce mai kemis ma haka ya ce."

Baba ya ce, "In an kai shi kwantar da shi za su yi. Ya kwana uku bai zo ba, manaja ya ɗauki wani. Mutane na nan tsaye bakin get kullum sahiya suna jira. Ni na san abin da nike yi."

"Da allonka."

"Da allon, awo. Ban ɓoye miki ba. Saura kwana goma a rufe lissahi. An ba shi allura, an ba shi magani, aiki kuma ba zai taɓa ba. Zama kawai zai yi bakin get, ya ɗaga sandar get mota ta wuce."

Kawu yana zaune a kan turmi, ya rungume hannun a ƙirji, leɓensa ya bushe, amma sai da ya yi dariya. "Yaya, ki bar shi. Ni da na samu sarauta? Ina zaune cikin inuwa, manyan motoci na neman izinina. Ko hakimi bai kai ni ba."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko tsohon gyalenta, ta ɗaure masa a wuya ya rataya hannun.

Haka aka fara. Kowace safiya Baba ya goya shi a babur su kama hanyar Kwatarkwashi, Kawu ya dangwala babban yatsansa na hagu a rajista, Baba ya canza lamba. Da yamma su dawo. Hanyar tana da ramuka, kuma na lura duk ranar da suka dawo bandejin ya fi na jiya jiƙewa, garin dutse ya manne a inda ya jiƙe ya zama kamar siminti. Kwana biyun farko Inna ce ke wanke masa da ruwan ɗumi da gishiri. Daga nan ya ce ta bari, mai kemis yana canza masa a hanya.

Ni ban iya magana ba, amma ina gani. Na ga ya sayi wani turare mai ƙarfi yana fesawa a kan gyalen. Na ga ƙudaje sun bar wurin wanke-wanke sun koma ƙofar shagonsa. Ya daina cin tuwo, sai kunu. Bandejin da ya tsaya a wuyan hannu ya riƙa hawa sama kaɗan-kaɗan. Ya daina miƙewa in na wuce, sai dai ya ɗaga gira ya ce, "Malama." Ko ranar Juma'a da yamma bai je Tsafe ba kamar yadda ya saba, ya ce kada matarsa ta gani ta tada hankalin gari. Duk wanda ya yi maganar asibiti a gidan, amsa ɗaya ce: bayan taro.

Ranar Litinin da yamma Inna ta aike ni in kai masa kunu. Na yi sallama a hankali kamar yadda na saba, bai ji ba, na ɗaga labule. Ya kwance bandejin yana kallon hannun. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin kamar an ƙona su, sauran sun kumbura sun yi sheƙi. Wani jan layi ya taso daga wuyan hannu ya bi cikin damtse ya kusa gwiwar hannu. Warin ya fi ƙarfin turaren. Ya ja gyale ya rufe da sauri.

"Malama, ba ki ga komai ba."

Na tsaya da kofi a hannu.

"Kwana biyar suka rage. Babanki ya yi mini rana, bai kamata ni in ɓata mishi tasa ba. Ki ɗora mishi hula tai, ni kuma in tahi asibiti da ƙahwata. In kika gaya ma Yaya yanzu, gidan ga ba ya zamnuwa. Kin jiya?"

Na ce to. Na ajiye kunun na fito. Inna ta tambaye ni ko ya sha, na ce yana sha.

Ranar Juma'a ce ranar ƙarshe ta lissafi. Kawu ya tashi da zazzaɓi, yana rawar sanyi da rana tsaka. Baba ya taɓa goshinsa, ya daɗe bai ɗauke hannu ba. Na zaci zai ce a fasa. Kawu ne ya ce, "Malam, mu tahi, yau ɗai ta rage." Da ya hau babur sai ya riƙa karkacewa, Baba ya sa aka kawo rawani ya ɗaure shi a bayansa kamar goyo. Inna tana tsaye a ƙofar gida, ba ta ce a dawo lafiya ba. Ban taɓa ganin ta fasa faɗin haka ba sai ranar.

Asabar da safe Kawu bai gane Inna ba, ya kira ta da sunan mahaifiyarsu. Ta aika aka kira maƙwabcinmu mai Keke Napep. Baba ya riga ya sa farar shaddarsa, ya kama Kawu aka sa shi a ciki, ya ɗaga ƙafa zai shiga.

Inna ta ce, "Babu wuri. Tahi ka amso hularka."

"Ke, wace irin magana ce wagga?"

"Ka kai shi kwana goma, ni bari in kai shi kwana ɗaya. Direba, mu tahi."

Baba ya tsaya a titi har suka sha kwana. Ya juyo ya gan ni cikin sabon hijabina, ya ce in hau.

A zauren wani otal aka yi taron. Fararen kujerun roba ne, an ɗaura wa na gaba kyalle. Maza sun fi yawa, wasu sun ɗora riga mai ƙyalli a kan kaftani. Aka zaunar da ni a gefen Baba, wani ya kawo mini hular a cikin leda ya ce in riƙe har a kira mu. Ba ta da nauyi kamar yadda na zata. Wani malami ya buɗe taro da addu'a, sannan wata Kirista, ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Madam, ta yi tata. Mai gabatarwa ya ce bisa ƙa'idarsu sai an fara nuna ƙofofin fita in gobara ta tashi. Ya nuna ta gaba, ya nuna ta baya. Kowa ya waiwaya. Ta bayan an sa mata kwaɗo, an kuma jibge kujeru a gabanta.

Wani daga baya ya ce, "To, masu duba na wasu!"

Aka fashe da dariya, aka aika a nemo mai makulli. Har muka bar wurin ban ga an buɗe ba. Shugaban ƙungiya ya roƙi a taƙaita magana, don mutanen Tsafe da Bungudu su kama hanya da sauran rana.

Daga nan kowane jami'i ya riƙa miƙewa yana faɗin abin da ya faru a wurin aikinsa cikin shekarar. Na kamfanin gurzar auduga ya ce injin ya cire wa wani yatsa, ya yi mako uku a gida. Wani mai aikin hanya ya ce sun rasa mutum ɗaya, aka ɗaga hannu aka yi masa addu'a. Su waɗannan ba a tafa musu, sai dai sakatare ya rubuta, a ce Allah Ya kiyaye gaba. Ana cikin lacca a kan ƙurar dutse da huhu wayar Baba ta yi motsi a aljihunsa. Ya duba, ya fita. Da ya dawo ya zauna, ya cire hularsa ta kai ya riƙe, yana murza bakinta da yatsa har zaren ya fara fita. Bai kalle ni ba, ni ma ban tambaya ba.

Aka zo ba da lambar yabo. Sakatare ya karanta sunan kamfanin, ya ce shekara cur babu ranar da aka rasa. Aka tafa. Mai hoto ya matso. Na bi Baba zuwa gaba, ina ƙoƙarin cire hular daga leda, ledar ta ƙi yagewa. Baba ya karɓi makirufo.

"Kahin a ba ni, ina da magana. Fom ɗin da na kawo babu ƙarya ciki. Amma kwana goma sha ɗaya da suka wuce injin ya kama hannun wani lebura. Ƙanen matata ne. Ban kai shi asibiti ba. Na riƙa ɗauko shi kullum ina zamnar da shi bakin get don kada a rasa kwana. Yanzu aka kira ni, likita ya ce za a yanke hannun."

Wani ya ce innalillahi. Shugaba ya jingina ya yi wa sakatare magana a kunne, sakatare ya buɗe wani ɗan littafi yana lasar yatsa.

"Ranka ya daɗe, abin da ƙa'ida ta ce, ranar da ma'aikaci ya kasa halartar wurin aiki. Shi wannan ya halarta?"

Baba ya ce, "Ya halarta."

"Har jiya?"

"Har jiya."

"To lissafi jiya aka rufe. Kwanciyar yau ta shekara mai zuwa ce."

Madam ta miƙe, kujerarta ta faɗi baya. Hausarta tana da ɗan karkata amma kowa ya ji ta. "Sakatare, hannun mutum ya ruɓe, kai kana karanta mana littafi? Wannan littafin mu muka rubuta shi, ba daga sama ya sauko ba!"

"Madam, ni abin da ke rubuce na karanta. In an canza, in karanta sabo."

Hayaniya ta tashi. Wasu na cewa a janye lambar, wasu na cewa in an janye an karya ƙa'ida, wani na cewa ai ya kamata a yaba wa Baba da ya faɗi gaskiya. Sai wani tsoho da ya yi ritaya, wanda aka zaunar a gaba, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ku daina ihu kamar yau kuka fara ji. Duk wanda bai taɓa zamnar da mai rauni bakin get ba, ko ya ba shi tsintsiya ya riƙe don a ce ya zo aiki, ya ɗaga hannu in gani."

Na duba zauren. Madam ce kaɗai ta ɗaga, sai wani saurayi da na ji an ce bana ya shiga ƙungiyar. Sauran wasu na kallon takardar ajanda, wasu na kallon fanka.

Shugaba ya duba agogo. Ya ce magana ce babba, za a kafa kwamiti ya duba ma'anar ranar da aka rasa, ya kawo rahoto a taron baɗi. Amma na bana, an riga an zana sunan kamfani a jikin allon yabo, kuma ƙa'ida ta cika. Baba ya ce shi ba zai karɓa ba. Shugaba ya ce ai allon na kamfani ne. Mataimakin manaja, wanda ya zo a madadin kamfanin, ya taso yana gyara wuyan riga ya karɓa, aka ɗauki hoto. Mutane kaɗan suka tafa, suka kuma daina da wuri. Baba ya ajiye makirufo ya nufi ƙofa, na bi shi. A bakin ƙofa wata mata mai rabon abinci ta miƙo mana robar shinkafa biyu, Baba ya wuce ta kamar bai gan ta ba.

Sai da muka hau babur na ga har yanzu hular tana hannuna. Ba wanda ya ce in ajiye, ni kuma ban san wa zan ba ba. Da ita na shiga asibiti. Inna tana zaune a kan benci a ƙofar ɗakin tiyata, ta dubi ledar, ta kau da kai. Na tura ta ƙarƙashin benci da ƙafa.

Bayan la'asar likitan ya fito. Matashi ne, idonsa ya yi ja don gajiya. Ya ce an yanke daga ƙasan gwiwar hannu, kuma a gode wa Allah da abin bai shiga jini sosai ba. Ya tambayi wane ne ya riƙe shi a gida har haka. Baba ya ce shi ne. Likitan ya dube shi, ya dubi farar shaddar.

"Alhaji, da ko kwana biyar da suka wuce kuka kawo shi, yatsu biyu kawai za mu cire."

Na ƙirga da yatsuna a cikin hijabi. Litinin ke nan. Inna ta sa gyale ta rufe fuska, Baba ya zauna a ƙasa a jikin bango. Kowa a wurin ya ɗauka Baba kaɗai likitan ke nufi. Har yau ban gaya wa Inna abin da na gani ranar Litinin ɗin ba.

Kawu ya yi mako uku a asibiti. Da aka sallame shi muka raka shi Tsafe a motar haya, ni da Inna da Baba. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, maza suka riƙa shigowa jaje. Kowa ya shigo sai ya miƙa hannu kamar yadda aka saba, ya ga hannun riga a naɗe an maƙale da fil, ya tsaya da nasa a iska, sannan ya mayar ƙirji. Kawu ya riƙa cewa, "Ba komai, kawo nan," yana miƙa na hagu. Wasu suka karɓa, wasu tsofaffi suka kama kafaɗarsa. Ina leƙe ta ƙofar cikin gida ya hango ni.

"Malama, shigo mana. Yanzu ke za ki koya mini rubutu da hagu."

Ba wanda ya yi dariya, ni kuma na kasa shiga. Matarsa ta kawo jaririn ta tsaya a bayana, ta rasa ta inda za ta miƙa masa shi.

Da azahar ta wuce Baba ya ce mu kama hanya tun da rana. Inna ta ce mu tafi, ita za ta zauna ta ga yadda jikin zai yi. Ba ta faɗi ranar dawowa ba, Baba kuma bai tambaya ba. Muka shiga mota mu biyu, aka ba ni gefen taga.